Minsharin da Na Raina

Zuwa ga ɗiyata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Dakoro lafiya, kin tarar da masaukinki yadda ranki yake so. Allah ya sa ƙafarki ta zama ta alheri a garin, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronsa, ya sa yaran da za ki koyar su zama masu jin magana. Babanki yana gaishe ki, Auta ma haka. Mu nan Madarumfa sai godiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda tare da katifarki da buhun gero, alhali ga waya a hannunmu. Maganar ba ta waya ba ce. A waya sai ki yi dariya ki ce, "Inna ke nan," kafin in kai tsakiyar zance rezon waya ya ɗauke. Takarda kuwa ba ta jin kunya, kuma za ki iya maimaita ta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun dama bai koma yadda yake ba.

Ranar Lahadin da za ki tafi washegari, bayan azahar, kin gama haɗa kaya kika kishingiɗa a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi. Ina gefenki ina tsinke zogale. Barci ya ɗauke ki, kika fara minshari, na yi murmushi na ce gajiya ce. Can sai kika yi shiru. Na duba, ƙirjinki yana ta ƙoƙari kamar mai jan guga, amma iska ba ta shiga. Sannan kika fizgo numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, kika gyara kwanciya, kika ci gaba da barcinki. Bai daɗe ba ya sake. Na ajiye farantin. Na san abin nan, Barira. Na yi niyyar in yi miki magana da kika farka, sai na ga kina ta murnar tafiya, bakina ya yi nauyi. To ga shi yanzu zan faɗa, kuma zan fara da kaina, don ba abin da na gani a jikinki wanda ban fara rainawa a nawa ba.

Bayan na haifi Auta, lokacin kina ƙananan azuzuwa a lakwal, jikina ya fara sauyawa. Na yi wankan jego, na sha kunun kanwa kamar kowace mace, amma nauyin bai sauka ba, sai ma ƙaruwa. Da can siririya ce ni kamar karan dawa, har kakarki takan ce wata rana iska za ta ɗauke ni. Sai ga shi na cika, zannuwana suna ƙin zagayowa. Matan da muke suyar kifi tare a bakin tafki suka riƙa cewa, "Habsu, hutu ya karɓe ki, Malam ya iya kiwo." Ni kuwa daɗi nake ji. Ban tsaya na tambayi kaina ba, wane hutu? Cina bai ƙaru ba, aikina bai ragu ba. Fuskata tana kumbura da safe, fata ta bushe, gashin gira yana zubewa, murya ta yi kauri har masu sayen kifi su ce sun zaci namiji ne ke ba su amsa. Ga jin sanyi. A tsakiyar bazara mutane na neman inuwa, ni ina ƙara matsawa kusa da murhu. Duk na gani, amma yabon ƙiba ya rufe mini ido.

Don haka ki riƙe wannan: ƙibar da ba ki san daga ina ta fito ba, kada ki kira ta ni'ima sai an bincika. Kuma ƙwayoyin nan da ake yawo da su a faranti, waɗanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, na roƙe ki kada ki kusance su ko da wasa. Kumburi suke sawa, su rikita jiki daga ciki. Kina da kyau yadda Allah ya yi ki.

Babanki ne ya fara gano akwai matsala. Wata safiya ya dawo daga masallaci, maimakon ya wuce lambu sai ya zauna a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu. Ya ce, "Habsu, akwai maganar da nake son yi, amma kada ki ji haushi."

Na ce, "Faɗi mana."

Ya ce, "Barcinki ya fara ba ni tsoro. Ba minsharin ne damuwata ba, ni da na saba da ƙarar injin ban-ruwa. Shirun da kike yi ne. Numfashinki yakan tsaya, har sai na kai hannu na taɓa ki."

Na ce, "Ni ce mai minshari? A gidanmu mace ba ta minshari."

Ya ce, "To, Allah ya ba ki haƙuri." Ya sa hularsa ya fita.

Daga duk abin da ya faɗa, injin ban-ruwa kawai kunnena ya riƙe. Na yi kwanaki ina ajiye masa tuwo ba tare da na dube shi ba. Bawan Allah, bai sake tayar da zancen ba. Sai daga baya na gane cewa ya koma yin barci rabi da rabi, yana zungurina duk lokacin da na yi shiru, da safe kuma ya tafi ban-ruwan tumatir da jajayen idanu. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a sha'anin barci ba haka ba ne, na gefe shi ya sani. Duk wanda ya ce miki ga abin da kike yi cikin barci, ki gode masa, ko da bai iya zaɓen kalma ba. Babanki bai taɓa iyawa ba, kin sani.

Ni ma fa ina jin wani abu, ban dai yarda in haɗa shi da maganarsa ba. Nakan farka a shaƙe, zuciya na bugawa kamar ganga, in ce dannau ne. Aka yi mini rubutu, aka ba ni turare. Addu'a ba ta taɓa zama asara ba, amma Allahn da ya ce a roƙe shi, shi ne ya saukar da magani ya ce a nema. Kullum ina tashi da ciwon kai da busasshen baki, kamar wadda ta kwana tana daka. Da rana kuwa barci yana bina duk inda na sa ƙafa. Na yi shi a islamiyya, malama tana karatu. Na yi shi a gidan suna da ƙwaryar fura a cinyata. Har suna aka sa mini, Habsu-barci, wasu kuma a bayan idona su ce ragguwa. Na zama mai mantuwa, in sa gishiri a miya in sake sawa. Na zama mai saurin fushi. Ke da kanki kin sha faɗan da ba ki san laifinki ba.

Da na yaye Auta, al'adata ta riƙa zuwa jefi-jefi, daga baya ta ɗauke. Ga nauyi, ga kasala, ga ciki ya turo. Na je wurin Iya Delu ungozoma, wadda ta karɓi haihuwarku duka. Ta lalluba ta ce, "Ciki ne, ɗiyata, amma ya kwanta. Ki yi haƙuri, in lokacinsa ya yi zai tashi." Ba na ganin laifinta, abin da ta gada ta faɗa. Ni ce nake son in ji haka, shi ya sa ban ƙara tambayar kowa ba, ga gidan likita nan kusa da mu ba nisa. Har ɗan yadi na saya na ɓoye a ƙasan akwati. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina jiran ɗan da babu shi. Barira, ki yi hattara da amsar da ta yi miki daɗi. In an gaya miki abin da ranki yake so, ki ƙara tambayar wani.

Sai ranar kasuwa. Wannan kin san tabonsa, amma ba ki san yadda aka yi ba, don mun ce miki kasko ne ya goce. Hantsi ne, rana tsaf, mutane na kai da komo. Ina zaune a kujera gaban kasko, mai yana tafasa, na jera tarwaɗa a ciki, matsami yana hannuna. Auta yana wasa da gwangwani a gefen ƙafata. Abin da na sani ke nan. Ban ji barci yana zuwa ba, bai yi sallama ba. Na tafi gaba, hannuna ya faɗa bakin kasko, kaskon ya kife. Hure, mai sayar da tattasai kusa da ni, ita ta fizge Auta da hannu ɗaya. Man ya malale daidai inda yake zaune. Gwangwanin da yake wasa da shi sai da ya cika da mai.

Ban ji zafin hannuna ba sai da aka kai ni gidan likita. Ina ta cewa a nuna mini yaron, Hure tana cewa, "Ga shi nan, Habsu, ko ɗigo bai taɓa shi ba." Har gobe in na ga Auta ya tuɓe riga zai yi wanka, sai na yi wa Hure addu'a a zuciyata.

Na yi ta zuwa wankin ƙuna. Wata rana majo, babban ma'aikacin wurin, yana cikin ɓare mini bandeji, abin da ke sa ƙarti kuka, sai barci ya kwashe ni. Da na buɗe ido na ga ya tsaya yana kallona. Ya kama wuyan hannuna na hagu ya daɗe, ya duba fuskata, ya taɓa gaban wuyana. Ya ce da babanki, "Malam, ƙunar za ta warke. Amma abin da ya jefa ta cikin kaskon yana nan. Ku tafi Maraɗi." Ya rubuta mana takarda.

A Maraɗi muka ga wata lokotoro, mace, 'yar siririya mai tabarau, ba za ta girme ki da yawa ba yanzu. Ta saurare ni, sannan ta juya ga babanki ta ce, "Baba, yaya take barci?" Ai kamar jira yake. Ya gyara zama, ya lumshe ido, ya kwaikwayi minsharin, ya yi shirun, ya fizgo numfashi har hularsa ta faɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta ce, "Na gode, ka taimake ni ƙwarai." Aka ɗebi jinina, aka duba cikina a na'ura. Babu ciki, bai taɓa kasancewa ba. Na yi kuka a mota har muka iso gida, babanki yana ta kallon taga don kada in ji kunya.

Da muka koma karɓar sakamako ta zaunar da ni ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce jiki yana haɗa waɗansu sinadarai da kansa, su suna kiransu ormon, suna bin jini kamar 'yan aike, su ke gaya wa jiki lokacin yunwa, lokacin al'ada, yadda zai ƙona abinci, yadda zai yi ɗumi. Ta ce akwai wani ɗan nama a gaban wuya, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, nawa bai fito waje ba amma ya yi sanyi, ba ya aiki yadda ya kamata, kuma hakan yakan sami wasu mata bayan haihuwa. Shi ya kawo nauyi da sanyi da kaurin murya da ɗaukewar al'ada. Shi kuma ya sa harshe da naman maƙogwaro suka yi nauyi, in na kwanta rigingine su toshe hanyar iska.

Na ce, "To ashe maƙoƙon ne duka."

Ta ce, "Shi ya fara, amma yanzu suna taimakon juna. Duk lokacin da numfashinki ya tsaya, jiki yana firgita kamar an biyo ki da gudu, ke ba ki sani ba. Wannan firgitar ta dare da dare ita ke tayar da tansiyo, wato hawan jini, ta hana jiki sarrafa suga, ta sa ki jin yunwa ba dalili. Nauyi ya ƙaru, maƙogwaro ya ƙara matsewa. Sai mun kama su duka biyun."

Tansiyona kuwa ya hau, sugana yana bakin ƙofa. Ta ba ni 'yar ƙaramar ƙwaya, in sha kowace safiya kafin in sa komai a baki. Ta ce in daina kwanciya rigingine, in ɗaga kan shimfiɗa, in rage tuwon dare, in riƙa tafiyar ƙasa, kuma kada in taɓa shan maganin sa barci. Ta ce akwai wata na'ura mai hura iska da ake sawa a hanci, a manyan birane, in abin bai yi sauƙi ba za mu yi maganarta. Allah ya taimake ni ban kai ga nan ba, amma ta ce akwai waɗanda dole sai da ita, kuma ba abin kunya ba ne. Maganar kwanciya kuwa, ni da na saba da rigingine, babanki ne ya kawo dabara. Ya sa na ɗinke ƙwallon goruba a bayan rigar barcina. In na juya ta soke ni, in koma gefe. Kin sha tambayata me ya sa nake wanke riga da goruba a jiki, nakan ce magani ne. Ban yi ƙarya ba.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. A hankali fuska ta saɓe, murya ta dawo, al'ada ta dawo. Ranar da na fara tashi ba ciwon kai, na fita tsakar gida na tsaya ina jin kukan tsuntsayen tafki kamar baƙuwa.

Nan kuma na sake yin wauta. Da na ji ƙarfi sai na ce na warke, ƙwayar ta ƙare ban koma karɓo wata ba. Kafin kaka ta zagayo sanyin ya dawo, barcin rana ya dawo, babanki ya fara juya hula a bakin ƙofa. Wannan karon ban bari ya buɗe baki ba, na ce, "Na ji, gobe mu tafi." Lokotoron ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Inna, ƙwayar nan ba ta kashe ciwo ba ce, aikin da wuyanki ya kasa take yi masa. In kin bar ta, wa zai yi?" Tun ranar ban sake fashi ba. Ta kuma gargaɗe ni cewa in al'ada ta tafi tafiyar girma, minsharin yana iya ƙaruwa, in riƙa zuwa ana dubawa. Ina zuwa. In an ɗora ki a kan magani, ɗiyata, wanda ya ɗora ki shi zai sauke ki, ba jin daɗin jikinki ba.

Yanzu na dawo kanki. Ni ba lokotoro ba ce, kuma ban ce abin da ke gare ni shi ke gare ki ba. Amma uwa tana gani ko ba ta yi magana ba. Na san al'adarki tana tsallake watanni tun kina kolej, kin taɓa faɗa mini sau ɗaya kika share zancen. Na ga 'yan gashin da kike tsigewa a haɓa in kin zaci ba mai kallo. Na ga yadda kike dirzar bayan wuyanki da soso, kina zaton dauɗa ce, alhali ba ta fita. Na ga nauyin da ya taru miki a ciki cikin 'yan shekarun nan, da yadda kike hamma tun hantsi. Lokotoron nan ta taɓa ce mini akwai wani rikicin sinadaran da ke samun 'yan mata, daga ƙwan haihuwa yake tasowa, kuma shi ma yakan yi tafiya tare da ɗaukewar numfashi da suga. Ta ce ana kula da shi, kuma da yawa suna aurensu su haihu lafiya. Na faɗa miki wannan don na san inda tunaninki zai fara zuwa. Kada ki tsorata, ki dai bincika.

Ga abin da nake roƙonki. Malamar da aka haɗa ku ɗaki, ki cire kunya ki ce ta saurari barcinki, ko ta ɗauka miki a waya ki ji da kunnenki. In an yi hutun farko, kafin ki iso gida ki tsaya Maraɗi, ni zan same ki a tasha mu tafi tare. In kin shiga gaban lokotoro ki faɗi komai, da minsharin, da al'adar, da gashin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin nan, ki kwanta a gefe, kada ki cika ciki da dare, kada ki ɗora tukunya a gaz ki ce bari ki ɗan kishingiɗa. In kina jin barci kada ki hau bayan moto mai ƙafa biyu. Kuma duk ranar da Allah ya kawo miki miji, ki gaya masa da bakinki tun kafin ya ji da kunnensa. Namijin kirki ba ya gudun mace don minshari. Ga babanki nan shaida.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Mutane suna ganin hannuna su ce ciwon nan ya cuce ni. Fatar hannu ba komai ba ce. Abin da ya ɗauke mini shi ne shekarun ƙuruciyarki, waɗanda nake tunawa kamar ta cikin hayaƙi. Ranar da sakamakon jarrabawar sartifika ya fito, kin shigo da gudu ba takalmi, kika durƙusa gabana kina ba ni labari, yadda aka tara ku, yadda aka kira sunanki. Na ji farkon. Da na farka inuwa ta juya, kina zaune a bakin rijiya kina wanke kwanuka, ba ki ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Kina yarinya kika iya haɗiye abu haka. Ban taɓa jin ƙarshen labarin nan ba, Barira, kuma ban taɓa samun fuskar tambaya ba. Ba na son wata rana ɗiyarki ta shigo miki da gudu ta tarar da ke yadda kika tarar da ni.

In kin sami rezo ranar Juma'a bayan la'asar, ki kira ni. Ki fara daga inda aka tara ku a filin lakwal, kada ki tsallake komai. Idona biyu.

Allah ya tsare mini ke a zaune da tafe, a farke da cikin barci. Ya ba ki numfashi mai sauƙi da safiya mai daɗi, ya sa albarka a allonki da allinki, ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Innarki,
Habsu